Yadda za mu kula da miki bayan aikin nono

 

Ni tafinta ce a ofishin kare haƙƙin 'yan gudun hijira. Yau ma'aikatan lafiya suka ɗora mini saƙo in isar muku da harshenmu. Za a buga shi a takardar sanarwa domin 'yan uwanmu na Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau su ma su samu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Maganar ta shafi matan da aka yi wa aiki a nono. Aikin iri uku ne. Akwai mai shayarwa da nono ya yi ƙurji ya tara mugunya, aka tsaga aka fitar. Akwai wadda aka cire wa ƙullutu, kuma yawancin ƙullutun nono ba ciwon daji ba ne. Akwai wadda ciwon daji ya kama, aka cire nonon gaba ɗaya, wani lokaci har da kaluluwar hammata. Likita yana gama nasa aikin cikin awoyi kaɗan a Maraɗi ko a Yamai. Sauran aikin makonni ne, kuma a ɗakunanmu ake yin sa, cikin ƙura da zafi da ƙudaje. Shi ya sa muka kira har da maza.

Na farko, bandeji. A bar shi yadda aka ɗaura shi a asibiti, musamman kwana 2 na farko. Kada a ɗaga don a nuna wa masu zuwa gaisuwa. Kafin a sallame ki, ki tambayi abu uku: yaushe za a canza bandeji, wa zai canza, yaushe za a cire zare. Wani zaren yana narkewa da kansa, wani kuma sai an cire, galibi bayan kwana 10 zuwa 14. In ba ki jin Faransanci, ki nemi tafinta. Haƙƙinki ne.

Bandeji ya zauna a bushe. In ya jiƙe da ruwa ko gumi, ko ya yi datti, ko ya saɓule, a je ɗakin shan magani a sake shi. In ma'aikaciyar lafiya ta koya muku canzawa a gida ta ba ku kaya, to ga ƙa'ida. Mai canzawa ta yanke farce, ta wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta kafin ta fara da bayan ta gama. A rufe ƙofa saboda iska da ƙudaje. Ruwan goge miki a tafasa shi, a rufe, a bari ya huce. A fara gogewa daga kan ɗinkin zuwa waje, kuma audugar da ta goga sau ɗaya ba ta komawa. In tsohon bandeji ya manne, a jiƙa shi da wannan ruwan har ya saki, kada a fizge. A ƙulle wanda aka cire a leda, a mayar ɗakin shan magani, kada yara ko awaki su kai gare shi.

Na biyu, abin da ba a sawa. Iyayena, na san ƙauna ce ke sa a kawo magani, amma miki na tiyata ba ya son toka, ba ya son garin bagaruwa ko sabara, ba ya son man shanu ko man kaɗe, ba ya son hoda ko turare. Haka nan fasa kafso a barbaɗa garinsa a kai. Duk waɗannan suna iya shigar da ƙwayoyin cuta, kuma suna rufe wa likita fuskar miki. Addu'a kam a yi ta da yawa, amma bandeji ya zauna a rufe.

Na uku, roba. Wadda aka cire wa nono takan dawo da 'yar siririyar roba da ta fito ta gefen ƙirji, da 'yar gora a ƙarshenta. Aikinta tsotse jini da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin fata. Da fari ruwan ja ne, sannan ya koma fatsi-fatsi, sannan ruwan ɗorawa. Wannan daidai ne. Gorar ta zauna ƙasa da miki, a saka ta a 'yar jaka a ɗaura a ƙugu don kada ta yi lilo. A kula kada ta lanƙwashe, kada yaro ya ja ta. In gorar irin wadda ake juyewa ce, za a nuna muku yadda ake yi, kuma kullum a rubuta yawan ruwan da ya fita. Likita yakan cire ta idan ruwan ya ragu zuwa kamar babban cokali 2 a yini da kwana, yawanci cikin mako 1 zuwa 2. Kada kowa ya cire ta a gida. In ta zare da kanta, kada a mayar: a rufe wurin da bandeji mai tsabta, a tafi asibiti.

Na huɗu, wanka. Har sai an ba ki izini, ki wanke daga ƙugu zuwa ƙasa, sama kuma a goge da tsumma mai tsabta a kauce wa bandeji. Masu jego ku saurara da kyau: ruwan zafi da ganye kada su taɓa wurin aikin. Bayan tiyata fatar ƙirji da ta hammata takan mutu, ba ta jin zafi, sai mace ta ƙone ba ta sani ba. Game da wankan ibada, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji da kuma taimama ga majinyaci. A tambaye su.

Na biyar, aiki, kuma nan ne maganar ta zo kanku, iyayena maza da surukai. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne. Wadda aka yi wa babban aiki ba za ta ɗauke ta ba, ba za ta yi daka ko surfe ko faskare ba, ba za ta ja guga ba, har mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba ayyukan tun kafin ta dawo: wa zai je famfo, wa zai tsaya layin rabon abinci, wa zai goya yaro. Amma kada ta kwanta wuni guda. Ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, tana motsa yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa a hankali yadda aka koya mata, don kada kafaɗar ta sandare. Wadda aka taɓa wa hammata ta kiyaye wannan hannun daga yanka da ƙuna da matsattsen awarwaro, domin yana iya kumbura ko bayan shekaru.

Abinci ma magani ne. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, zogale da miyar kuka, duk abin da ya samu a ba ta, ta sha ruwa sosai. Cewa gyaɗa ko ƙwai na sa miki ya yi ruwa ba gaskiya ba ne. Ta shanye maganin da aka rubuta har ƙarshe, kada a raba da wani, kada a ƙara da na 'yan talla. Mai ciwon suga ta faɗa wa likita, domin mikinta yana jinkirin warkewa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba jariri lafiyayyen nonon. Wanda aka tsaga kuma, ungozoma za ta ce ko a ba shi ko a riƙa tatsewa, amma kada a bar shi ya cika ya yi tauri.

Yanzu ga alamomin da ba a kwana da su:

Masassara ko rawar sanyi.
Wurin ya ɗau zafi, ya kumbura, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, sai ka ga wurin ya ƙara duhu yana sheƙi.
Mugunya ko wari.
Ɗinki ya buɗe, ko gefen miki ya yi baƙi.
Roba ta daina zuba farat ɗaya, ƙirji na kumbura.
Jini ya jiƙe bandeji. A danne da tsumma mai tsabta a kan bandejin, a tafi nan take.
Sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya. Wannan ko tsakar dare ne a tashi 'yan sa-kai na lafiya a nemi mota.

Babban abin da ke cutar da mu shi ne kunya. Mace ta ji wari, ta ƙara zani ta rufe, ta yi shiru don kada ta ɗaga wa gida hankali. Mikin da za a gyara da wanki da ƙwayoyi sai ya koma na kwanciya asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, kuma abin da kika faɗa sirri ne.

Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa. Matar da ta rasa nono tana nan matar gida, uwar 'ya'ya. Duk wadda aka ware, ko aka hana ta zuwa asibiti, ko aka kore ta saboda wannan, ƙofar ofishinmu a buɗe take. Taimakon da muke bayarwa kyauta ne. In wani ya nemi kuɗi ko wata alfarma a kansa, ku sanar da mu.

A ƙarshe, warkewar miki ba ita ce ƙarshen jinya ba. A koma ranar da aka sa, a karɓi sakamakon gwajin naman da aka cire, domin shi zai nuna ko akwai sauran magani. A adana takardun asibiti a leda tare da katin shaida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya maido da zaman lafiya a garuruwanmu. Mai tambayar da ba ta son yi cikin jama'a ta same ni bayan an tashi.