Malam Bakanike, Auna Kafin Ka Kwance

Yau maganarmu da masu aikin ƙarfe ce: kanikawan gareji, masu gyaran injin niƙa da injin ban ruwa, da samarin da ke karatun injiniya. Amma manomi ma ya matso kusa da akwatin rediyo, don maganar ta shafi aljihunsa.

Duk wanda ya san kwaltar da ta taso daga Gidan Runji ta bi Tibiri, Maraɗi, Cadawa, Agye har Gazawa, ya san motocin da suka ci ta a da: Peugeot 404, Land Rover da manyan Berliet. Bakaniken wancan zamani da kunne yake aiki. Ya saurari kukan inji, ya shinshina hayaƙi, ya ce maka kafireta ce ta toshe. Ya kwance, ya hure, ka kama hanya. Sun yi aiki, Allah ya saka masu da alheri.

To, injin yau ba na jiya ba ne. Jikinsa ƙarfe ne har yanzu, sai dai an sa masa ƙwaƙwalwa. Ilmin wannan ƙwaƙwalwa shi ake kira ilektaronik. Ba shi ne jan waya a sa ƙwan lantarki a ɗaki ba. Ƴar ƙaramar wuta ce mai ɗauke da saƙo, tana ba babban inji umurni, kamar yadda linzami ke juya doki. Tushenta wani ɗan abu ne mai suna taransista, wanda aka ƙago a Amurka a 1947. Irinsa ne cikin rediyon da kuke saurarenmu da shi.

Ku dubi mota. Tsofaffin motocin Turai da ake shigo mana da su, ƙwaƙwalwa ce ke auna masu mai, ita ke cewa buji ya ba da wuta. Tana da ƴan rahoto a jikin inji masu gaya mata zafi, da yawan iska, da juyin ƙarfe. Idan ɗan rahoton juyi ya mutu, sai ka murza makulli inji ya yi ta juyawa, ya ƙi tashi. Wanda bai sani ba zai sauya buji, ya sauya famfon mai, wani har ya sauke inji, alhali ƙarfen lafiyarsa lau.

Motar kuwa tana iya faɗin ciwonta. Tun 1996 a Amurka, da 2001 a Turai ga motocin fetur, doka ta sa a yi wa mota wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka jona ƴar na'ura, ta nuna maka baƙi ɗaya da lamba huɗu. In ka ga P0335, to nemi ɗan rahoton juyin nan da wayarsa. A nan ne maganar ta zo gidanmu na yaƙi da jahilci. Mota ta yi magana a rubuce. Wa zai karanta?

Yanzu mu shiga garka, don nan ne hasarar ta fi ciwo. A kwarin Gulbin Kaba da na Gulbin Maraɗi, masu noman rani suna ta komawa ga famfon hasken rana. Abu uku ne a haɗe: faranti mai karɓar rana, akwati mai sarrafa wuta, sai famfon da ke can cikin rijiya. A ce ranar Talata ruwa ya tsaya, tumatir da tattasai suna cikin fure. An kira bakanike. Shi famfo ya sani, don haka ya tara samari aka yi ta jan bututu har aka fiddo shi. Ya kwance, bai ga kome ba. Aka tafi Maraɗi neman wani. Kafin Juma'a garka ta yi yaushi, wahalar wata uku ta tafi.

Da ya fara daga sama, da rabin sa'a ta ishe shi. Ƙurar hunturu kan rufe faranti wuta ta ragu. Waya kan saki a mahaɗa. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, akwati kan tsai da kansa in ya yi zafi. Kuma in ruwan rijiya ya ja baya, akwai ɗan rahoto da ke sa a kashe famfo don kada ya juya a bushe ya ƙone. Wato akwatin ceton famfon ya yi, aka ɗauka lalacewa ce. Fitilun jikinsa suna nuna dalili, ga mai iya karanta takardarsa.

Haka janareta. Gazawa ce mahaɗar babban layin wuta mai kilobolt 132 da ya taso daga Katsina, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Da Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta na 2023, janaretoci suka sha aiki. Sau da yawa inji na ruri amma ba wuta, laifin kuwa na ɗan akwatin daidaita wuta ne, wanda bai kai tafin hannu ba.

Saboda haka, malam bakanike, sa mitar awon wuta cikin akwatin kayan aikinka, kusa da sifana. Fara da batir. Lafiyayye cikakke, inji a kashe, zai nuna wajen bolt 12,6. In inji na aiki ya kamata ya hau wajen 14. Ka bar tsohuwar al'adar nan ta goga waya a jikin ƙarfe don ganin tartsatsi, tana kashe ƙwaƙwalwa. Kada a yi walda a jikin mota sai an cire kan batir. Fis in ya ƙone, a nemi dalili, kada a ɗaure shi da waya. Farantan rana kuwa, in an jera su da yawa, wutarsu na kai ɗaruruwan bolt, tana kisa. A raba su da akwati kafin a sa hannu.

Ku kuma ɗalibanmu na Lise Teknik Ɗan Kasawa da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, mun san halin wasunku: mai karatun ƙarfe yana ganin darasin lantarki na wasu ne, a samu makin wucewa kurum. Ranar da aka tura ka duba famfon wani ƙauye a bayan Agye, ba za a haɗa ka da injiniyan lantarki ba. Kai kaɗai ne, ga mai gari tsaye, ga mata da tuluna suna jira.

Iyayen gareji, ku riƙa sakin yaranku da yamma su je ajin karatu. Yaron da ya iya baƙi da lamba shi zai karanta maku mita gobe.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki mitar nan mu bi ta maɓalli bayan maɓalli. Wanda ke da ita ya zo da ita kusa da rediyo, da batir guda. Mu kwana lafiya.