Dafin maciji, kwamfuta da ƙofofin Bompai da ke rufe

 Yau daga Bompai nake magana, kuma tun da na shigo nake ƙirga masana'antun da ke kulle. Ku riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da maciji. Dafinsa haɗin furotin ne iri-iri. Shi furotin sarƙa ce ta amino asid, iri 20 ne gaba ɗaya, idan sarƙar gajeriya ce sai a kira ta feftayid. Sarƙar tana nannaɗewa ta ɗauki wata siffa, kuma siffar ce ke nuna abin da za ta kama a jikin mutum, kamar makulli da kwaɗo. Idan ka samu abin da zai riga jiki kama dafin, to ka samu magani.

A da, gano siffar furotin ɗaya kan ci shekaru a ɗakin bincike. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna za ta iya hasashen siffar daga jerin amino asid ɗin kawai. A 2022 aka zuba siffofi sama da miliyan 200 a intanet, kyauta. A 2024 AlphaFold 3 ta fito, tana hasashen yadda furotin ke kama wani abu. A shekarar ne David Baker da Demis Hassabis da John Jumper suka ci kyautar Nobel.

To ina ruwanmu? A Janairun 2025 mujallar Nature ta buga aikin ɗakin binciken Baker: sun zana sababbin furotin a kwamfuta da ke kama dafin dangin gamsheƙa, suka ceci ɓeraye da su. Ɓeraye fa na ce, ba mutane ba. Hasashe ba magani ba ne sai an gwada.

Ga inda abin ke damuna. Macijin da ya fi kashe manomanmu kububuwa ce, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta jini yake tsinkawa, ba irin wanda suka yi aiki a kai ba ne. Ku tambayi mutanen Kaltungo a Gombe. Maganin EchiTAb da ake dogaro da shi a Birtaniya da Kosta Rika aka haɗa shi, daga jinin tumaki da dawakai. A nan Kano, Farfesa Abdulrazaq Habib na BUK ya daɗe yana bincike kan saran maciji, wato masana muna da su.

Furotin da aka zana kuwa, ƙwayoyin bakteriya ake sa wa su samar da shi a cikin tanki. Aikin masana'anta ke nan, kuma ga gine-gine nan a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Na sani, sai da wuta da jari da doka. Amma matakin farko laftof da data yake buƙata.

Don haka ɗalibin Biochemistry, ke mai Computer Science, ku buɗe rumbun AlphaFold a makon nan, ku koyi Python. Idan ba mu sa kububuwa a gaba ba, wa zai sa ta?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.