Tanti da wasan wuta a ƙauyukan Faransa

A Faransa da zarar Yuli ya kama, sai iyali su loda tanti a mota su nufi karkara. Al'adar ta bunƙasa ne daga 1936, lokacin da ma'aikata suka sami hutu da albashi. Daren 13 ko 14 ga wata, bikin ranar ƙasa, ƙauyuka kan harba wasan wuta, 'yan kwana-kwana ma su buɗe tasharsu a kwana ana rawa. Kallon kyauta ne, talaka ma ya kai yaransa.

Sai dai zafi ya fara rage wa abin armashi. A 2022 gobarar daji ta cinye sansanonin tanti biyar kusa da tudun yashin Pilat, garuruwa da dama suka soke wasan. Yara sun yi ƙorafi, amma ni ban ga laifin hukuma ba.