Haɗa Ayari da Auna Kati a Wasan Puzzle & Dragons



Da aka ji abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa yau, wani ya tambaye mu ko al'amuran duniya sun ƙare ne har aka koma kan wasan wayar hannu. Mun amsa masa cewa abin da ke cin sa'o'in mutum da kuɗin aljihunsa ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira, ko da kuwa sunansa wasa. Wanda za mu ɗauka misali shi ne Puzzle & Dragons, wanda kamfanin GungHo na ƙasar Japan ya fitar ran 20 ga Fabrairu, 2012, a ƙarƙashin jagorancin Daisuke Yamamoto. Shi ne wasan waya na farko da aka ba da labarin ya tara dala miliyan 1,000, alhali kuwa kyauta ake sauke shi. Inda kuɗin suka fito za mu je gare shi, amma sai mun fara sanin yadda ake yin wasan.

Waya takan nuna fage mai gida 30, shida a kwance, biyar a tsaye, kowane gida da ƙwallo ɗaya a ciki. Ƙwallayen iri shida ne: wuta, ruwa, itace, haske, duhu, da kuma zuciya. Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon dara zai ga fagen ba baƙo ba ne, domin ita ma gida 30 ake haƙa mata, kuma jera uku ake nema. Bambancin shi ne a nan ƙwallo ɗaya mutum ke ɗauka da yatsa, ya yi ta yawo da shi cikin fagen, duk wanda ya bi ta kansa sai su yi musayar gida, har lokacin da aka ba shi ya cika. A farkon shekarun wasan daƙiƙa 4 ne kacal. Da ya saki, duk inda uku ko fiye masu launi ɗaya suka jeru sai su ɓace, dodannin da ke da wannan launi su kai wa abokin gaba duka. Jerin zuciya kuwa ba ya duka, rai yake mayarwa.

Dodannin nan su ne katuna. Mutum yakan shiga kogo da guda shida, waɗanda za mu kira ayari: madugu ɗaya, mabiya huɗu, sa'an nan madugun aro wanda ake ɗaukowa daga wajen wani ɗan wasa. Kowane kati yana ɗauke da lambobi uku, watau rai, da ƙarfin duka, da warkewa. Yana da laƙani da ake iya amfani da shi bayan an jira zagaye kaza, yana da iko wanda ba ya aiki sai in shi ne madugu, kuma daga shekarar 2013 aka ƙara wa katuna wasu ƙananan baiwa waɗanda ke aiki ko da yaushe.

To, tambayar da sabon shiga kan yi ita ce, wane kati ya fi kowane? Abin da muka zo mu faɗa yau shi ne wannan tambaya ba ta da amsa, domin an gina wasan ne yadda darajar kati ba ta cikin jikinsa. Tana wajen madugun da zai bi, da kogon da za a shiga, da hannun mai wasan. Bari mu nuna da lissafi, tun da akwai 'yan sashen lissafi a zauren nan da za su kama mu in mun yi kure.

Jerin ƙwallo uku yana ba kati cikakken ƙarfin dukansa. Kowane ƙwallo da ya ƙaru a kan ukun yana ƙara rubu'i, haka kuma kowane jeri da ya ƙaru a zagaye guda yana ƙara rubu'i. Saboda haka jeri biyar ninki biyu ne, jeri tara ninki uku. Wuta tana cin itace, itace yana cin ruwa, ruwa yana cin wuta. Wanda ya ci sai dukansa ya ninka biyu, wanda aka ci kuwa rabi yake samu. Haske da duhu kowane yana ninka duka a kan ɗan'uwansa. Duk wannan ƙaramin abu ne in an gwada shi da ikon madugu, domin ikon madugu da na madugun aro ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi. A zamanin farko akwai kati mai suna Isis, daga sunayen gumakan Misira ta dā, wadda ke ninka duka sau 3 in launi uku suka kai duka tare. In an haɗa ta da ta aro, sau 9 ke nan. Horus kuwa sau 4 yake bayarwa in launi huɗu suka kai duka, shi da na aro sau 16.

Mu ƙaddara wani yana da ayarin Horus, a cikin mabiyansa akwai katin ruwa mai ƙarfin duka 1,500, kuma da shi ne launuka suka cika huɗu. In ya yi jeri biyar, dukan wannan kati ya zama 3,000, ikon madugai ya mai da shi 48,000. Ran nan sai ya sami katin wuta mai ƙarfi 2,000, kyakkyawan zane, taurari reras. Ya dubi lamba ya ga 2,000 ta fi 1,500, ya cire na ruwa ya sa na wuta. Yanzu launi uku ya rage masa, sharaɗin Horus ba zai taɓa cika ba, sabon katin nasa 4,000 zai buga a jeri biyar, sauran biyar ɗin kuma duk ya jawo su ƙasa tare da shi. Ya ƙara ɗari biyar a takarda, ya zubar da ninki goma sha shida a fage. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Ba muna cewa lambobin banza ne ba. 'Yan wasan suna da ma'auni mai kyau da suke haɗa ukun wuri ɗaya: a raba rai da 10, ƙarfin duka da 5, warkewa da 3, a tara. Ba da ka suka ƙago shi ba, daga wasan kansa suka ɗauko, domin maki ɗaya na ƙari da ake ciyar da kati yana ba da rai 10, ko duka 5, ko warkewa 3, kuma shekara da shekaru iyakarsa 99 ne a kowane fanni, watau 297 gaba ɗaya. Da wannan ma'auni, kati mai rai 3,000, duka 1,500, warkewa 300 ya tashi 700; mai rai 2,000, duka 2,000, warkewa 150 ya tashi 650. Ashe wanda ido ya raina shi ya fi nauyi. Amma ma'aunin nan amfaninsa a raba gardama ne tsakanin katuna biyu masu neman kujera ɗaya. Ba ya faɗa mana ko akwai kujerar.

Abin da ke faɗa mana wannan shi ne kogon. A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin nan ne gwani ke rabuwa da mai tarin katuna. Kogo hawa-hawa ne, kowane hawa da abokan gabansa, kuma abin da manyansu za su yi sananne ne tun kafin a shiga. Wani yana da sulke: ana cire lambar sulkensa daga kowane duka ɗaya-ɗaya, saboda haka ƙananan duka shida na iya tashi a maki ɗaya kowane, alhali babban duka guda, ko laƙanin dafi wanda bai san sulke ba, zai kayar da shi. Wani yana kai hari tun kafin a taɓa ƙwallo, in jimlar ran ayari bai kai ba an mutu a bakin ƙofa. Wani yana ɗaure kati, in kuwa madugu ya ɗaure, ikonsa ya tafi. Wani yana kulle laƙanin ayari duka. Daga baya ma aka kawo masu shanye duk dukan da ya wuce wata iyaka su mai da shi rai, yadda ƙarfin mutum ne ke zama ajalinsa.

Kowace irin wannan masifa tana da maganinta a jikin wani kati, kuma maganin ƙidaya gare shi. Baiwar tsare laƙani daga kullewa kashi 20 cikin 100 take bayarwa, saboda haka sai an tara biyar a ayari kafin a sami cikakken tsaro. Mai huɗu yana caca ne, sau ɗaya cikin biyar za a kama shi. Baiwar tsare kati daga ɗauri rabi take bayarwa, sai kati ya sami biyu a jikinsa. Akwai baiwar da ke rage jiran laƙani da zagaye ɗaya ga kowa a farkon shiga, don haka mai laƙanin da ke jiran zagaye goma sha biyu, in yana bukatarsa a hawa na fari, sai ya ƙirga ya ga ya tara sha biyun. Gwani yakan zauna da takarda ya rubuta hawa na ɗaya me za a yi masa, na biyu me za a yi masa, sa'an nan ya cika kujeru huɗun nan da amsoshi. Sau da yawa amsar ba ta cikin katuna masu tsada. Echidna, wadda ake samu kyauta a kogo, laƙaninta kawai shi ne ta jinkirta harin abokan gaba zagaye uku, amma ta yi shekaru tana zaune a ayarin manya, domin zagaye uku su ne tsakanin mai shirya fage a natse da mai shirya shi da wuƙa a wuya.

Sai kuma hannun mai wasan, wanda ba a rubuta shi a jikin kowane kati ba. Madugun da ke neman launi huɗu a kowane zagaye yana da kyau ga wanda yatsansa ya saba. Ga wanda ba ya wuce jeri uku, madugu mai ba da ninki kaɗan ba tare da sharaɗi ba ya fi masa. Irin wannan mutum baiwar da ke ƙara lokacin juya ƙwallo ta fi masa ƙarin duka ɗari biyar amfani, ko da yake ba wanda ke alfahari da ita. Mun lura yawancin masu kuka cewa katunansu ba su da kyau, madugun wani suka ara wanda ya fi ƙarfin hannunsu. Har madugun aro ma abin dubawa ne: in mutum ya zaɓi madugun da ba kowa ke riƙe da irinsa ba, zai rasa wanda zai ninka masa.

Yanzu mu koma ga alkawarin da muka yi, watau inda kuɗin suka fito. Mafi yawan katunan da ake rububi ba a kogo ake samunsu ba, sai a wata na'ura mai siffar dodon zinariya, wadda ake ja wa hannu ta sako ƙwai. Ja ɗaya na yau da kullum duwatsun sihiri 5 ne. Ana ba da duwatsun kyauta kaɗan-kaɗan, ana kuma sayar da su da kuɗi na gaske. Mutanen Japan suna kiran wannan tsari gaca, daga sunan injinan da yara ke jefa wa kwabo su sami abin wasa a cikin ƙwanso ba tare da sun san wanne zai fito ba. In mun ƙaddara damar fitowar wani kati ɗaya ce cikin 100, mutum zai zaci ja 100 ya isa. Lissafi ya ce a'a: cikin mutum 100 da kowane ya ja sau 100, watau duwatsu 500, wajen 37 za su tashi ba su gan shi ba. Na'urar ba ta tuna abin da aka zuba mata jiya.

Hukumomi ba su yi barci a kan wannan ba. A shekarar 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani nau'in gaca wanda sai mutum ya cika jerin wasu katuna kafin a ba shi babbar kyauta, ko da yake ta bar gaca ta yau da kullum. A 2017 ƙasar Sin ta wajabta bayyana yawan damar samun kowane abu, kamfanin Apple ma ya sa wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar ga wasannin da ke kasuwarsa. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi caca ne.

Abin da ya haɗa wannan da batun auna kati shi ne, mai sayarwa ba ya cin riba da mutumin da ke tambayar wace kujera ce babu kowa a ayarinsa, domin wannan in ya sami abin da ya cike ta sai ya rufe jaka. Ribarsa tana wajen mai tambayar wane kati ya fi kowane, tun da amsar a hannun kamfani take, kuma yana iya sauya ta duk wata. Ninki 16 na Horus da ake jinjina wa a zamanin farko, bayan 'yan shekaru ana maganar ninki ɗari-ɗari ne, har duka ya kai ga cin karo da 2,147,483,647, wadda ita ce iyakar lambar da irin ma'ajin kwamfutar da aka yi amfani da shi ke iya ɗauka. Da katuna suka yi ƙarfi sai aka kawo koguna masu shanye duka, sa'an nan aka kawo sababbin katuna masu hana shanyewa. Mai sayar da maganin shi ne mai kiwon cutar. Ya kamata dai mu yi adalci: a 2016 an shigo da tsarin da tsohon kati zai iya ara wa sabo laƙaninsa, wanda ya sa katuna da yawa da aka jingine suka sake samun aiki. Lambobi ne ke tsufa da wuri. Laƙanin jinkirta hari ko na sauya launin ƙwallo yakan daɗe ana nemansa.

Akwai kuma abu ɗaya da mai auna kati ya kamata ya sa a sikeli, ko da yake ba ya cikin rai ko duka ko warkewa. Katin ba a wayar mutum yake zaune ba, a kwamfutar kamfani yake. A watan Disamba na 2018 aka rufe sashen wasan na ƙasashen Turai, 'yan wasan can suka wayi gari ba kogon shiga, ba madugun aro, wanda ya ja hannun dodon zinariya sau goma da wanda ya ja sau dubu duk ɗaya.

Shugaban taro ya ɗaga mana agogo tun ɗazu. Mun zana fage mai gida 30 a allo, da ayarin Horus ɗin nan da muka yi misali da shi. Wanda ke da gardama a kan lissafin, ga alli nan.