Tobi Amusan da Shingaye Goma

Yau batunmu ɗaya ne: Tobi Amusan, 'yar Ijebu Ode ta jihar Ogun.

Wasanta gudun mita 100 ne, da shingaye goma jere a hanya. Ka tsallake wannan, taku uku, ga wani. Ƙafa ta ɗan bugi ɗaya, tseren na iya lalacewa.

Shingen farko a gida ta tarar da shi. Mahaifinta karatu yake so ta yi, har ya taɓa ƙona kayan atisayenta. Mahaifiyarta ce ta riƙa rufa mata asiri tana zuwa fili.

Sai kuma wani shingen: zuwa ta huɗu. A gasar duniya ta Doha a 2019, ta huɗu. A Olamfik ta Tokyo, ta huɗu. Jama'a, kun san ta huɗu? Ga lambar yabo tana gani, a miƙa wa mutum uku, ita ta koma hannu rabbana. A ganina, gara ma a bar ka can baya.

A watan Yulin 2022, a gasar duniya da aka yi a jihar Oregon ta Amurka, Tobi ta kafa tarihin duniya tun a zagayen kusa da na ƙarshe, cikin daƙiƙa 12 da ɗoriya. Wasu har suka zargi agogon. Ranar nan dai ta dawo ta lashe zinare, na farko ga Najeriya a gasar. Da aka sa taken ƙasa, sai hawaye.

Mu kwana nan. A huta lafiya.