Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Shekara: Tsohuwar Taswira da Hanyarmu

 

Da yawanku kun tuna taswirar nan da ke manne a bangon ofishinmu na Umdurman kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa mu. Kwafi ce ta wadda gidan ɗab'in Blaeu ya buga a Amstadam, ƙasar Holan, cikin babban kundin taswirori mai mujalladi 11 da ya fara fitowa a 1662. A kan farantin jan ƙarfe suke sassaƙa zanen, kuma a juye, su shafa tawada, su danna takarda, sannan a bi da hannu a sa launi. Aiki ne mai kyau, ba mu raina ba.

In mutum ya matso kusa zai ga Cano, Cassena, Zegzeg, Zanfara, Guber da Borno. Kano ke nan da Katsina, Zazzau, Zamfara, Gobir da Barno, a bakin Bature. Khartum ba ta ciki, don sai wajen 1821 aka kafa ta, Umdurman kuwa sai zamanin Mahadi, daga 1885, ta zama birni.

Amma masu zanen ba su taɓa taka ƙasarmu ba. Sunayen nan sun samo asali ne daga littafin Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a 1550. Labarin da ya haura shekara ɗari suka yi ta kwafa. Shi ya sa suka ja kogin Kwara ya nufi yamma ya faɗa teku, alhali duk wanda ya sha ruwansa ya san ba can yake zuwa ba. Wanda ya ɗauki taswirar nan ya ce zai kai kaya Kano, ƙishirwa za ta gama da shi.

Iyayenmu su ne suka bi hanyar da ƙafa: Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Adire, Janaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Nilu. Wasu sun tsaya Mai Wurno, wasu sun wuce Sawakin don ƙetarawa Makka. Sun san kowace rijiya da kowane zango, sai dai ba su rubuta ba. Ɗan abin da muka rubuta, rajistar mambobi da littafin bashi, ya salwanta tare da ofishin. Yau akwai marayun da ba mu da takardar da za ta nuna wa ke riƙe da kuɗin ubansu.

Saboda haka kwamiti ya sayi littafi sabo. Muna roƙon kowane dattijo ya zauna da mu ko na awa ɗaya ne, ya faɗi zangunan da ya sauka, da dillalan da ya yi hulɗa da su, da bashin da ya sani tsakanin mambobi, musamman na mamata. Wanda ke Fatsudan ko Njamena ya turo saƙon murya ta WhatsApp. Za mu fara da waɗanda suka haura shekara 70, yau bayan sallar la'asar.