Kwazazzabo Daga Tudu Yake Farowa



Duk wanda ya bi hanyar Kachiya a watan Agusta, in ya iso Mararrabar Rido, zai tarar da ruwan gefen titi ja wur. Wannan jan kuwa ƙasar gonakinmu ce da ta unguwanninmu take tafiya, ta faɗa rafin Romi, ta shiga kogin Kaduna, wata ma sai ta kai madatsar Shiroro kafin ta kwanta. Magana ɗaya na zo da ita yau: kwazazzabon da ke cin gindin gidaje a kwari, a kan tudu aka haife shi, ranar da aka tuɓe wa ƙasa rigarta.

Yankin nan yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, akasarinsa daga Mayu zuwa Oktoba. Da can dajin doka da maje da kaɗanya ne, ga gamba a ƙarƙashinsu. Ɗigon ruwa kan fara dukan ganye, ƙarfinsa ya karye, ya sauka kan busasshiyar ciyawa, sannan ya bi saiwa da ramukan gara ya nutse. A fallen fili kuwa, ɗigon yana fasa ƙasa ne kamar taɓarya, laka ta toshe ƙofofin, saman ya yi ɓawo, ruwa ya rasa mashiga sai gudu. Jar ƙasarmu ba ta da kauri, a wurare da yawa marmara ce a ƙarƙashinta, can ƙasa kuma ruɓaɓɓen dutse mai taushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ruwa ya huda marmarar, bakin ramin sai ya riƙa ruftawa yana ci baya-baya, yana hawa tudu damina bayan damina. Tun da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 gine-gine ke ta yaɗuwa a nan, kowane rufin kwano kuma ƙarin gudu ne ga ruwa. Ku lissafa: rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 5,000 zai zubo, wato duro 25, duk ta indararo zuwa lungu ɗaya.

Wani zai ce ai ruwan ne ya yi yawa, ya kawo misalin ambaliyar Kaduna ta 2003 da ta 2012. Na yarda, ciyawa ba ta tare babban kogi in ya tumbatsa. To amma ku dubi fuloti biyu maƙwabta bayan ruwan dare ɗaya, mai gamba da wanda aka share ƙal: a bakin wanne yashi ya taru? Wani kuma zai ce a zuba kankare a huta. Lambatu yana da amfaninsa a cikin gari, sai dai hanzarta ruwa yake yi, kuma inda kwalbati ya ƙare nan ake samun sabon rami, a ƙofar wanda ke ƙasa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talaka: yana buƙatar muhalli, matarsa na buƙatar itacen girki, bishiya kuma sai ta shekara goma. Wannan gaskiya ce, shi ya sa nake cewa a fara da ciyawa. Layin gamba ko jema da aka dasa a gicciye da gangare, cikin damina ɗaya ko biyu yake fara tare laka, kuma ga abin zana da jinka. Shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 ya haɗa da Jihar Kaduna, amma ba zai tsare mana kowane lungu ba.

Roƙona ga hakimai da masu unguwanni: in za a yanka fuloti, a bar gaɓar rafi da ciyawarta, a kuma hana masu tifa kwasar yashi a gindin gaɓa. Mai gida kuma ya tara ruwan indararonsa a tanki ko rami kafin ya sake shi waje. A fara dashen nan da ruwan farko na damina mai zuwa.